Minti Uku ga Kowane Reshe

Asabar ce, ta ƙarshe a watan Agusta, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na dawo daga sallar la'asar ke nan. Mu huɗu ne a barandar gidanmu da ke unguwar Sarkin Dawaki: ni, da matata, da 'yarmu ta fari, da maƙwabciyarmu, tsohuwar nas 'yar Sunkani wadda duk layin ke kira Mama, mai Hausar da ba ta raba namiji da mace. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, gari ya yi sanyi, matata tana gasa masara a kurfoti kusa da ƙofar kicin.

'Yar tamu likita ce. Bayan jami'a da shekarar koyon aiki da bautar ƙasa, ta shiga horon tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a wani asibitin koyarwa mai nisan yini guda a mota daga Jalingo. A waccan shekarar ta ci jarrabawarta ta ƙarshe. Ta zo mana hutun mako guda, ta kwana huɗu tana barci da cin tuwo, sai a ranar Asabar ɗin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce manyanta a wurin aiki sun samo mata gurbin ƙarin horo na shekara guda a ƙasar waje, har guda biyu. Ɗaya na tiyatar jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya na tiyatar ƙashin baya. Ɗaya za ta ɗauka, kuma ranar Litinin ake jiran amsarta. Ta ce wanda mutum ya zaɓa a wannan mataki, galibi shi zai yi har ya ajiye aiki, shi ya sa ba ta son ta rubuta komai sai ta ji bakina.

Gaskiya har ranar ban san aikin nasu yana da rassa ba. A wurina likitan kai likitan kai ne. Shekara da shekaru, a majalisarmu ta bakin shagon wani tela abokina, da layin tantance 'yan fansho, da duk inda tsofaffin abokan aiki suka haɗu, abin da nake faɗa ɗaya ne: 'yata tana buɗe ƙoƙon kan mutum, ta gyara, ta rufe, ya tashi ya gaishe ta. Ina faɗinsa a hankali, yadda ake karanta labarin farko na ƙarfe bakwai, kuma ban taɓa faɗa ba tare da wani ya ajiye kofin shayinsa ba.

Na yi shekara talatin da ɗoriya a gidan rediyo. Na fara da fassara, na koma karanta labarai, na ƙare a shirye-shiryen hira. Abin da aikin ya bar mini shi ne ba na iya yanke hukunci a kan abin da ban yi wa tambayoyi ba. Don haka na ce mata ba zan ba da shawara a kan abin da ban fahimta ba, amma zan yi hira da ita yadda muke yi da kowane baƙo. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙaramar rakodata da agogon ƙirga daƙiƙa da na yi ritaya da shi.

Na shimfiɗa ƙa'idoji. Za ta lissafa dukkan rassan, ba biyun kaɗai ba. Kowane reshe minti uku, babu ƙari babu ragi, domin mu a wurinmu adalci da agogo ake auna shi. Tambayoyi uku ga kowanne: mene ne aikin, wa ke bukatarsa, ina ake samun gurbin yinsa. In an gama za a saurari abin da aka ɗauka daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda ba ma sakin shiri sai an saurare shi. Na ba matata agogon. Mama kuwa na naɗa ta mai sauraro, na ce duk lokacin da likita ta zame zuwa Turanci ta ɗaga hannu.

Mama ta ce ɗaga hannu ba hukunci ba ne. Ta ce kowace kalmar Turanci masara ɗaya ce, kuma ita za ta ci.

"Mama, ke ma fa Turancin nan da shi kika yi aiki shekara nawa," in ji 'yata.

"Ni na yi ritaya, Dokta. Turancina ma ya yi ritaya. Zauna da kyau, babanka zai sa ka a rediyo."

Matata tana wajen kurfotinta. Bafulatana ce, kuma wannan 'yar fari ce. Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta kira sunanta ba, ban taɓa jin ta yabe ta a gaban mutane ba. Ranar da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, abin da ta yi shi ne ta yanka kaji biyu ta ce sun dame ta da ɓarna. Ta karɓi agogon ta ɗora a cinyarta, ta ci gaba da juya masara da ɗaya hannun.

Na kunna rakoda, na faɗi rana da lokaci yadda na saba, muka fara.

Kafin rassan, 'yata ta ce akwai abu biyu da ya kamata in riƙe. Na farko, raunin kai na haɗarin mota da babur ba reshe ba ne a wurinsu, aikin kowa ne. Duk wanda ke bakin aiki ranar, shi zai shiga ɗakin tiyata. Na biyu, bukata daban, gurbin aiki daban. Mai ciwo yana iya kasancewa a kowane ƙauye, amma likita ba ya aiki sai inda akwai asibitin da ya tanadi kayan aikin, da mai sa barci, da ɗakin kula da wanda aka yi wa aikin. Na rubuta wannan a takardata, na ja masa layi.

Ta fara da reshen yara. Ta yi bayanin jariran da ruwa ke taruwa musu a kai har ya yi girma, da waɗanda ake haifa da buɗaɗɗen baya. Mama ta gyaɗa kai, ta ce ta karɓi haihuwar irinsu da hannunta. Bukatar tana da yawa ƙwarai a ƙasarmu, in ji 'yata, amma guraben kaɗan ne, kusan duk a manyan asibitocin koyarwa, kuma masu yinsa ba don abin duniya suke yi ba. Matata ta ce lokaci ya yi. Muka wuce.

Sai reshen ƙari, wato tsiron da ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwa ko a gindin ƙoƙon kai. Aiki ne na awa takwas, awa goma a tsaye, ido a cikin madubin ƙara girma. Yana bukatar asibitin da ke da masu gwajin tsoka da masu gasa ƙari da na'ura, don haka gurbinsa yana inda waɗannan suke. A nan ta yi asarar masara ta farko, domin sunan wani ƙari ya kuɓuce mata da Turanci. Mama ta miƙa hannu ta ɗauka ba tare da ta kalli kowa ba.

Na uku shi ne na farfaɗiya da ciwon karkarwa, inda ake dasa wata 'yar waya a cikin ƙwaƙwalwa ko a cire wurin da ke tayar da ciwon. Ta ce aiki ne mai ban sha'awa, yana bunƙasa a waje, amma a nan kayansa sun fi ƙarfin yawancin asibitoci da yawancin iyalai. Wanda ya koyo shi ya dawo, zai iya shekara bai taɓa yi ba.

Sannan muka zo kan biyun da ke gabanta. A jijiyoyin jini ta ce akwai mai buɗe kai ya ɗaure jijiyar da ta kumbura kafin ta fashe, akwai kuma sabuwar hanya: a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a bi da shi har cikin ƙwaƙwalwa ana kallo a allo, a toshe kumburin, ko a zaro gudan jinin da ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Na yi tambayoyi, ta amsa. Muka gama da ƙashin baya. Na rufe da godiya kamar kullum, na kashe rakoda, ina jin daɗin cewa har yanzu hannuna bai manta aiki ba.

Aka zuba shayi. Na mayar da abin da aka ɗauka farko, na ajiye rakodar a kan tebur tsakaninmu, na rufe ido. Haka nake sauraron shiri tun ina matashi. Abin da nake nema shi ne muryarta. Mai karanta labarai yana iya ɓoye ra'ayinsa a kalma, amma ba ya iya ɓoye shi a numfashi. Inda ya damu da labari yakan rage gudu ba tare da ya sani ba. Na yi niyyar in kama inda 'yata ta rage gudu, in ce mata ga zaɓinki.

Rassa uku na farko sun tafi daidai. Tambaya gajera, amsa cikakkiya, muryar matata tana cewa lokaci ya yi. Da aka zo jijiyoyin jini sai na ji wani mutum da ban gane ba da farko. Muryarsa ta ɗaga. Ya bar tambayoyi ukun da aka yi yarjejeniya a kansu. Na ji shi yana cewa, wato ke nan wannan shi ne ƙololuwar aikin gaba ɗaya? Na ji yana cewa, ashe a ƙasar nan masu iya wannan ba su da yawa? Na ji muryar matata can ƙasa tana cewa lokaci ya yi, na ji mutumin ya bi ta kanta da wata tambayar. Ta sake faɗa, ya sake bi. 'Yata tana ƙoƙarin cewa na'urar da ake wannan aiki da ita a birane ƙalilan take, tana son wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikatan da ke kwana a shirye, kuma yawancin waɗanda suka koyo shi can waje suke zama domin can ake rububinsu. Mutumin ya ce to ai wannan ma abin alfahari ne.

Da aka zo ƙashin baya, ga tambayar da ya buɗe da ita, kalma da kalma: "To, wannan kuma na su ƙusa da ƙarfe ne ko, kamar aikin kafinta? A taƙaice." Ta fara magana. Ba ta kai ƙarshen jimla ta huɗu ba ya ce madalla, mun gode wa baƙuwarmu.

Rakoda ta tsaya. Na buɗe ido. Mama ta toshe baki da gefen zanenta, kafaɗunta suna rawa. 'Yata tana kallon cikin kofinta.

Matata ta ɗaga agogon ta juyo mini da fuskarsa. "Malam, kai ka ce uku-uku. Jijiyoyin jini sun ci tara da rabi. Baya bai cika ɗaya da rabi ba."

Mama ta saki dariyar. Ta ce shekara ashirin tana jin muryata a rediyo tana cewa wannan mutum ba ya da ɓangare, ashe ɓangaren a gida yake ajiye shi. Ta ce in da ɗan siyasa ne na yi wa haka da tuni an ce ya ba ni buhun shinkafa.

Ban yi musu ba, domin babu abin musu. Na sha mayar wa ƙananan ma'aikata shiri saboda abin da bai kai wannan ba. Tambayar da ke ɗauke da amsarta a ciki, da katse baƙo, da take mai riƙe da agogo: laifi uku ne, kowanne ya isa a hana shiri fita. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da nake yi ban ji komai ba. Na ɗauka aiki nake yi mai tsabta.

A wurinmu in shiri ya lalace ba a zama ana jimami, sake ɗauka ake yi. Na ce wa matata ta mayar da agogo sifili. Na ce baya yana bin mu minti takwas, za a ba shi. Na kunna, na yi tambayar farko yadda take a takarda, na rufe bakina.

'Yata ta gyara zama. Ta ce mu tuna waɗanda suka yi sallama a gidan nan tun ranar da aka ji ta iso, domin duk zuwanta haka ake yi, maƙwabta su zo da hotunan asibiti a cikin leda. Akwai manomin doyan da ƙafarsa ta dama ke masa kamar ana zuba barkono tun daga ƙugu. Akwai matar da ke sayar da shinkafa a kasuwa, wadda hannuwanta suka fara sakin kofi. Akwai direban da motarsu ta faɗi a hanyar garin Mutum Biyu, ɗan'uwansa ya zo da hoton wuyansa. Akwai dattijon da tarin fuka ya ci masa ƙashin baya har ya ranƙwafa. Ta ce a kwana huɗu ba wanda ya zo da ciwon da bututun cinya zai yi wa magani, ba don babu masu shi ba, sai don irinsu ba sa kaiwa ƙofar kowa. Awanni kaɗan ne tsakaninsu da rasa damar.

Ta ce ƙashin baya shi ne reshen da ya fi kowanne guraben aiki, a nan da waje, a asibitin gwamnati da na kuɗi, domin mutane suna tsufa, suna ɗaukar kaya, suna faɗuwa, motoci suna kifewa. Kayan aikinsa ba su da arha, amma asibitin da ya yi niyya zai iya tanadarsu, ba sai na babban birnin tarayya ba. Ba ta ɓoye wahalarsa ba. Likitocin ƙashi ma suna yinsa, don haka akwai gasa. Ƙarafan da ake dasawa suna yi wa iyalai nauyi. Yawancin ciwon baya ba ya son wuƙa, kuma rabin gwanintar ita ce sanin wanda za a ce wa ya koma gida ya yi motsa jiki. Wanda lakarsa ta tsinke kuwa, babu likitan da zai ɗinke ta. Amma wanda jijiya ce kawai ta dannu, ka ɗage mata abin da ya danne ta, da safe sai ka same shi zaune a bakin gado yana neman takalminsa.

A nan ta rage gudu. Ban rufe ido ba ma na ji.

Ta ba da labarin wani magini da aka kawo musu a kan tabarma, ba ya iya ɗaga ƙafa. Ita ta riƙe wa babban likita ƙarfe a aikin. Bayan wata uku ya dawo asibiti da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin ganin likita ya ƙi zama, ya ce ya gaji da zama, a duba shi a tsaye.

Matata ta ce lokaci ya yi. Wannan karon na tsaya.

Akwai tambaya ɗaya da ba ta cikin takardata, wadda ya kamata a ce da ita na fara tun ƙarfe huɗu. Na kashe rakoda kafin in yi ta, domin ba ta shiri ba ce.

"Ke wanne kike so?"

"Baya, Baba. Tun shekara biyu da suka wuce."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na san abin da kake gaya wa mutane a shagon tela. Na ga yadda fuskarka take in kana faɗa. Ban so in karɓe maka shi ba."

 Raina bai ɓaci ba. Ina lissafin shekara biyu ne, da yawan wayar da muka yi a cikinsu, ina tambayarta kai nawa ta buɗe a wannan mako, tana ba ni amsa.

Na ce mata abin da nake faɗa a shagon tela matsalata ce, ba tata ba, kuma wanda ya yi shekara talatin yana sake rubuta labari in sabon bayani ya shigo ba zai kasa sake wannan ba. Na ce ta ɗauki bayan, Allah ya sa albarka a hannunta, ya sa ta gama lafiya. Ta sunkuyar da kai ta ce amin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Mama ce ta sa baki. Ta ce in kwantar da hankalina, ta san majalisar tamu sarai, tana wucewa ta gabanta in za ta coci. "Mutum bakwai, ba wanda yake tashi daga benci sai ya dafa gwiwa ya kira Allah. Ka ce musu yarinya yana gyara baya, ka gani. Kai ma ba za ka samu wurin zama a gidanka ba." Ta ce ita ce ta farko a layi, kuma ba za ta biya ko sisi ba, tunda ita ta yi wa Dokta allurar rigakafi tana tsala ihu.

'Yata ta ce ta tuna allurar, shi ya sa za ta yi wa Mama aikin ba tare da maganin barci ba. Mama ta ɗauki masara ta biyu ta ce wannan tarar rashin kunya ce.

Matata ta miƙo mini agogona. Ta kwashe sauran masarar a faranti, ta zaɓi wadda ta fi laushi ta ajiye a gefen da 'yarta take, kamar hannunta ne ya kai can da kansa. Sannan ta dube ni, ni kaɗai, alhali yarinyar tana zaune kamu biyu daga gare ta.

"Ka gaya mata ta rubuta takardar yau. Kada ta jira Litinin, wutar nan ba ta da tabbas."

Na juya na gaya mata. Ta ce ta ji.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutarta, ta rubuta a nan kan teburin, tsakanin kofunan shayi. Ta karanta mini da Turanci, na ce jimlar farko ta yi tsawo, ta raba ta biyu. Ta aika kafin a kira magariba. Mama ta tafi gida da masara uku a bakin zane.

A watan Janairu 'yata ta tafi. Ta yi shekararta ta dawo, asibitin da ya horar da ita ya ba ta gurbin babbar likita. Tana shiga tiyatar baya ranakun Talata da Alhamis, tana ganin marasa lafiya ranar Laraba, kuma duk makon da take bakin aiki, raunin kai da aka kawo ita ke yi.